Yadda Kanel Ke Karɓar Aikin Faifai Bayan Ya Kammala: Jagora Ga Mai Rubuta Direba

A Unguwar Rogo da ke Jos, wanda ya kai niƙa da safe ba ya tsayawa a bakin inji har a gama. Yakan ajiye kwanonsa a layi, ya ɗaura masa ƙyalle don a gane nasa, ya tafi harkokinsa, daga baya a aiko yaro ya ce an niƙa. Tun daga lokacin da ya ajiye kwanon har ya dawo hannunsa, ba shi da ikon tsoma hannu a ciki, kuma mai inji ba lallai ne ya bi layin yadda aka jera ba, domin yana iya tara masu dawa wuri ɗaya kafin ya koma kan masu masara. Da wannan misali nake fara magana duk lokacin da masu koyon rubuta babbar manhajar kwamfuta suka zo mini da matsalar faifai, saboda haka kanel, wato cibiyar babbar manhajar, yake mu'amala da faifan ajiya.

Dalilin da ya sa ba a tsayawa jira a fili yake. Faifan da ke juyawa sau 7200 a minti ɗaya yana cin milisakan 8.33 kafin ya zagayo sau ɗaya, kuma a cikin wannan ɗan lokaci furosesa mai gudun gigahaz 3 ta yi bugu kusan miliyan 25. Saboda haka kanel yakan miƙa buƙata ga na'ura, ya ci gaba da wasu ayyuka, sai na'urar ta sanar da shi idan ta gama. Miƙawar ba ta da wuya. Karɓar ce ke kayar da mutane, kuma kusan duk kurakuran da na gani a wannan fage sun samo asali ne daga rashin sanin wanda ke riƙe da buƙata a wani lokaci na musamman. Dole ne a kowane lokaci buƙata ta kasance a hannun ɓangare ɗaya tak, kuma a dawo da ita ga mai ita sau ɗaya tak. Misalan da ke tafe na Linux ne galibi, tare da leƙen Windows da xv6, ƙaramar manhajar koyarwa da aka fara rubutawa a jami'ar MIT ta Amurka a 2006.

Mataki na farko: shirya takardar buƙata

Kowace buƙata tana da takardarta a memori, wadda za ta rayu tun daga miƙawa har zuwa kammalawa. A Linux sunanta bio, a Windows kuma IRP. Idan naka kanel kake rubutawa, takardar ta ƙunshi wurin da za a karanta ko a rubuta a kan faifai, yawan bayanan, mazubin da ke memori, lambar da na'ura za ta dawo da ita don a gane buƙatar, matsayin da take ciki, sakamako, sannan adireshin fankishin, wato guntun kod ɗin, da za a kira idan an gama tare da wani manuni na mai buƙatar. A bio waɗannan biyun na ƙarshe su ne bi_end_io da bi_private, sakamakon kuma yana zama a bi_status.

Abu ɗaya nake so a riƙe a nan. Duk memorin da hanyar kammalawa za ta buƙata, a tanade shi tun kafin a miƙa buƙatar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kanel yakan yi rubutu zuwa faifai ne daidai lokacin da memori ya yi ƙaranci, don ya sami sarari, kuma idan kammala wannan rubutun ya dogara ga samun sabon memori, to an ɗaure kai da kai: ba za a sami memori ba sai rubutu ya kammala, rubutu kuma ba zai kammala ba sai an sami memori. Wannan ne ya sa Linux ke ware rumbun ajiya na musamman ta hanyar mempool da bio_set. Kada kuma a ajiye takardar a kan sitak na zaren aiki, wato memorin wucin gadi na aikin da ke gudana a lokacin, sai idan an tabbata zaren zai zauna jira har ƙarshe ba tare da wata kafar ficewa ba.

Mataki na biyu: miƙa ta, sannan ka cire hannunka

Jerin yadda ake miƙawa ba ya karɓar sauyi. Da farko a ɗauki lamba daga cikin lambobin da ba kowa a kansu, a rubuta a teburin direba, wato kod ɗin kanel da ke magana da na'urar, cewa wannan lamba ta wannan buƙata ce. Sai a shirya mazubin don na'ura ta iya isa gare shi kai tsaye ta hanyar DMA, wanda a Linux ake yi da dma_map_sg da 'yan uwansa. Sai a sa agogon wa'adi, a mayar da matsayin buƙatar zuwa "tana hannun na'ura". Sai a rubuta umarnin a layin miƙawa, a sa shingen memori don kada furosesa ta sauya jerin rubuce-rubucen, sannan a ƙarshe a buga ƙararrawa, wato a rubuta a rajistar da ke gaya wa na'ura cewa akwai sabon aiki.

Da zarar an buga ƙararrawar, buƙatar ta bar hannunka. Na'urar tana iya gamawa, ta aiko da katsewa, wato siginar da ke dakatar da furosesa don a saurari na'ura, zuwa wata furosesa daban, a kira fankishin kammalawa, a saki takardar, duk kafin layin kod na gaba da ke bayan ƙararrawar ya gudana.

Wata rana da hunturu, muna zaune da rigunan sanyi a wani ɗakin gwaji da ke kan titin Bauchi, wani ɗalibi ya kawo mini direban da ya rubuta. A cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, yana aiki lafiya lau, amma a kan kwamfuta mai faifan NVMe na gaske, irin mai saurin nan da ba ya juyawa, yakan faɗi bayan 'yan mintoci, kuma ba a wuri ɗaya ba. Na tambaye shi abin da yake yi bayan ƙararrawa, ya ce, "Malam, ai ba na taɓa komai, tsawon buƙatar kawai nake karantawa in ƙara a lissafi." Na sa yatsa a kan layin na ce masa, "To wannan karatun a kwanon wa kake yinsa?" Ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya yi dariya. Takardar da yake karantawa an riga an sake ta, wani lokaci ma an ba wa wata buƙata daban. Maganin shi ne a kwafi duk abin da ake so kafin ƙararrawa, ko kuma a riƙe ƙarin ƙidayar mallaka a kan takardar, a sauke ta bayan an gama.

Windows ya mayar da wannan ƙa'ida doka a rubuce: direban da zai dawo da STATUS_PENDING dole ya kira IoMarkIrpPending kafin ya sa IRP a inda wani zai iya kammala shi. A Linux, hanyar karatu kai tsaye tana dawo da -EIOCBQUEUED, ma'ana an karɓi aikin kuma amsa za ta biyo ta ki_complete. A kula da wani tarko a nan: idan miƙawa ta gaza tun a farko, a zaɓi hanya ɗaya ta sanarwa. Ko dai a dawo da kuskure ba tare da kiran fankishin kammalawa ba, ko a kira shi da kuskuren. Wanda ya yi duka biyu ya kammala buƙata sau biyu. Linux ya zaɓi ta biyu a submit_bio, wanda ba ya dawo da sakamakon aikin ga mai kira, komai ta bi_end_io yake zuwa, kuma a ganina wannan ya fi sauƙin kiyayewa.

Mataki na uku: amsa katsewa da gano abin da ya kammala

Katsewa sallama ce kawai. Ba ta faɗin buƙatar da ta kammala ko guda nawa ne, kuma na'ura tana iya tara kammalawa goma ta yi sallama ɗaya, ko ta yi sallama a tarar babu sabon abu. Aikin mai amsa katsewa shi ne ya je ya duba inda na'urar ke rubuta rahotonta, kuma wannan wuri ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

A NVMe, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2011, kowane umarni a layin miƙawa bayit 64 ne, kowane rahoto a layin kammalawa kuma bayit 16, ɗauke da lambar umarnin da sakamakonsa. Layin kammalawa zobe ne, idan an kai ƙarshe a dawo farko, don haka ana buƙatar hanyar bambanta sabon rahoto da tsohon da ya rage daga zagayen baya. Dabarar da aka yi bit ɗaya ce da ake kira alamar zagaye. Direba yakan share zoben da sifili tun farko, na'ura ta rubuta 1 a wannan bit a zagayen farko, ta rubuta 0 a na biyu, ta koma 1 a na uku. Direba yana riƙe da ƙimar da yake sa ran gani, yana juya ta duk lokacin da ya zagayo farkon zobe. Idan bit ɗin gurbin da ke gabansa ya yi daidai da abin da yake sa rai, rahoton sabo ne. Daga nan sai ya sa shingen karatu, wanda a Linux shi ne dma_rmb, kafin ya karanta sauran rahoton, domin in ba haka ba furosesa tana iya karanto tsohuwar lamba tare da sabuwar alama. Wannan kuskure ba ya yawan bayyana a furosesoshin Intel da AMD, amma a kan furosesoshin ARM yana fitowa, shi ya sa wanda ya gwada a kwamfutarsa ta tebur kaɗai bai gwada ba tukuna. Bayan an kwashe duk sababbin rahotanni, sai a rubuta sabon matsayin kan zobe a ƙararrawar layin kammalawa sau ɗaya, don na'ura ta san gurabun sun zama fanko.

A AHCI, wanda faifan SATA ke amfani da shi, gurabu 32 ne kacal a kowace tasha, kuma babu zoben rahoto. Direba yana kwatanta nasa lissafin gurabun da ya cika da abin da ya rage a rajistocin PxCI da PxSACT, duk gurbin da ke lissafinsa amma ya ɓace daga rajista ya kammala. Idan ɗaya daga cikin umarnan da aka jera ya gaza, faifan yakan dakatar da sauran, sai direba ya karanta shafi na 10h na kundin faifan don ya san wanda ya jawo matsalar, ya sake miƙa waɗanda ba su da laifi. A virtio kuwa, tsarin na'urorin kwaikwayo irin na QEMU, wanda ya fi dacewa da mai koyo, na'ura tana ƙara ƙidaya a zoben abin da ta gama, kuma tana rubuta bayit ɗaya na sakamako, 0 idan lafiya, 1 idan an sami kuskure.

Inda na'ura ke buƙatar a share alamar katsewa, a share ta kafin a fara kwashe rahotanni. Idan aka kwashe sannan aka share, rahoton da ya iso a tsakani zai rasa sallamarsa, ya zauna a zobe ba wanda ya sani, mai jiransa kuma ya yi ta jira. Idan aka share da farko, mafi munin abin da zai faru shi ne a sami ƙarin katsewa a tarar an riga an kwashe. Direban virtio na xv6 haka yake yi, kuma gajere ne ƙwarai, ya cancanci a zauna a karanta shi layi-layi.

Kada a amince da lambar da na'ura ta dawo da ita ido rufe. A duba cewa tana cikin iyaka, kuma akwai buƙata mai rai a ƙarƙashinta. Sannan a tuna cewa mai amsa katsewa ba ya barci: ba ya jiran mutex, wato kullen da mai jiransa ke barci, ba ya neman memori ta hanyar da za ta iya sa shi jira, ba ya taɓa memorin manhajar mai amfani. Duk kullen da yake rabawa da hanyar miƙawa, hanyar miƙawar ta riƙe shi da spin_lock_irqsave, in ba haka ba katsewa za ta iya faɗowa a kan furosesar da ke riƙe da kullen, ta tsaya jiran wanda ita ce ta hana shi motsi.

Mataki na huɗu: raba aikin gaggawa da wanda zai iya jira

Muddin mai amsa katsewa yana gudana, wasu abubuwa suna tsaye, don haka ana son ya yi abin da ya zama dole ya fita. Windows yana tura saura zuwa DPC, wato kiran da ake jinkirtawa har katsewa ta wuce. Linux, tun da tsarin layuka da yawa na blk-mq ya shigo a siga ta 3.13 a 2014, direba yakan kira blk_mq_complete_request, shi kuma ya yanke shawarar inda za a ƙarasa, ko nan take, ko a BLOCK_SOFTIRQ, wato softirq, aikin da ake jinkirtawa zuwa bayan katsewa, ko a tura zuwa furosesar da ta miƙa buƙatar tun farko saboda bayanan suna nan da ɗumi a ma'ajiyarta ta kusa. Fayil ɗin rq_affinity da ke ƙarƙashin /sys/block ne ke sarrafa wannan: 1 na nufin a kammala a rukunin furosesoshin da mai miƙawa ke ciki, 2 kuma a kan ainihin furosesar.

Amma softirq da DPC su ma ba wurin barci ba ne. Aikin da ke buƙatar jira, kamar sabunta bayanan tsarin fayiloli bayan rubutu, sai a miƙa shi ga zaren kanel ta hanyar workqueue. Haka ext4, wani tsarin fayiloli na Linux, ke yi idan zai mayar da yankin da aka ware ba a rubuta ba zuwa rubutacce. Shawarata ita ce a rubuta a saman kowane fankishin kammalawa yanayin da ake kiransa a ciki, domin wanda zai gyara kod ɗin bayan shekara biyu ba zai tuna ba, ko da kai ne.

Akwai kuma hanyar leƙe, inda zaren da ke jira yake duba zoben da kansa ba tare da katsewa ba. Tana da amfani ga na'urori masu tsananin sauri, amma tana cinye furosesa, kuma mai koyo ya bar ta sai sauran sun zauna daidai.

Mataki na biyar: kammalawar kanta

A nan ma jeri ne ke da muhimmanci. A fara da karɓe mallakar buƙatar, kamar yadda za a bayyana a mataki na bakwai. A warware DMA kafin kowa ya karanta mazubin, domin a wasu injuna sai a lokacin ne ake kwafo bayanan daga mazubin wucin gadi ko a share tsohon abin da ke ma'ajiyar furosesa. A fassara sakamakon na'ura zuwa yaren kanel, kamar BLK_STS_OK, BLK_STS_MEDIUM idan fuskar faifan ce ta lalace, ko BLK_STS_IOERR. A yanke shawarar sake gwadawa, tare da iyakar sau nawa. A ƙarshe a kira fankishin mai buƙata, ba tare da riƙe kullen direba ba, domin sau da yawa fankishin yakan miƙa sabuwar buƙata nan take, ta dawo ta nemi wannan kullen. Bayan kiran, takardar ta koma hannun mai ita, direba ba ya sake waiwayarta. Lambar da aka saki kuma a sanar da masu jiran lamba, in ba haka ba layi zai tsaya alhali akwai gurbi.

Buƙatar da aka rarraba tana da nata tarkon. Babban karatu yana iya kasuwa gida huɗu saboda iyakar na'ura ko saboda RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, kuma uwar buƙatar ba ta kammala sai 'ya'yanta duka sun dawo. Ana amfani da ƙidaya wadda ake ragewa ba tare da wani ya shiga tsakani ba, wanda ya kai ta sifili shi ne zai kammala uwar. A fara ƙidayar da 1, na mai miƙawa, a ƙara 1 kafin a miƙa kowane yanki, sannan mai miƙawa ya sauke nasa bayan ya gama rabon. Wanda ya fara da sifili zai tarar yanki na farko ya dawo, ƙidaya ta koma sifili, an kammala uwa, alhali yanki na biyu bai ma tashi ba. A Linux bio_chain ke ɗaukar wannan nauyi. Idan yanki ɗaya ya gaza, a adana kuskurensa a jikin uwar, kada nasarar wanda ya zo daga baya ta shafe shi, kuma a ci gaba da jiran sauran, domin na'ura tana kan rubutu a mazubansu.

Mataki na shida: tashin mai jira

Idan zaren aiki yana barci yana jiran sakamako, haɗarin shi ne tashin da ya ɓace. Zaren ya duba ya ga ba a gama ba, kafin ya kwanta sai katsewa ta zo ta ce an gama ta tashi masu barci, ba ta tarar da kowa ba, sannan zaren ya kwanta barcin da ba mai tashinsa. Maganin shi ne dubawa da kwanciya su kasance ƙarƙashin kulle ɗaya da mai tashi ke riƙewa, kuma a sake duba sharaɗin bayan kowane farkawa. A xv6 fankishin sleep yana karɓar kullen don ya sake shi daidai lokacin kwanciya. A Linux an tanadi struct completion saboda wannan, kuma submit_bio_wait misali ne mai kyau na amfani da shi: fankishin kammalawa yana kiran complete a matsayin abu na ƙarshe da yake yi, domin da zarar mai jira ya farka, sitak ɗinsa na iya ɓacewa.

Idan manhajar mai amfani ce ke jira ba tare da barci ba, sai a rubuta mata rahoto. A io_uring, tsarin da manhaja ke miƙa buƙatu ga kanel ta zobe, wanda Jens Axboe ya shigar a Linux 5.1 a 2019, kanel yana rubuta user_data da res, wato alamar buƙatar da sakamakonta, a zoben da yake rabawa da manhajar, sannan ya matsar da wutsiyar zoben da shingen da ya dace. Dokar nan ce dai ta NVMe, sai dai yanzu kanel ne a matsayin na'ura: a rubuta rahoto tukuna, sannan a bayyana shi.

Mataki na bakwai: ƙarewar wa'adi da sokewa

Wannan shi ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi barin sa zuwa ƙarshe. Na'ura tana iya yin shiru, don haka kowace buƙata tana da wa'adi, wanda a Linux sakan 30 ne bisa al'ada ga faifan SCSI da NVMe. Matsalar ita ce agogo da katsewa suna iya isowa tare a kan furosesoshi biyu, kowanne yana ganin shi zai kammala buƙatar. A ƙara da mai sokewa, da mai cire na'ura daga jikin kwamfuta, sai masu rige-rigen su zama huɗu.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a sa matsayin buƙatar ya zama alƙali. Duk mai son kammalawa ya yi ƙoƙarin sauya matsayin daga "tana hannun na'ura" zuwa "ana kammalawa" da umarnin kwatanta-ka-musanya, wanda furosesa ke yi a bugu ɗaya ba tare da tsakani ba. Wanda ya yi nasara ya ci gaba, wanda ya faɗi ya juya ya tafi ba tare da taɓa komai ba. A blk-mq matsayin uku ne, MQ_RQ_IDLE, MQ_RQ_IN_FLIGHT da MQ_RQ_COMPLETE, mai kula da wa'adi kuma yana dawo da BLK_EH_RESET_TIMER idan yana son ƙarin lokaci, ko BLK_EH_DONE idan direba ya ɗauki nauyin ƙarasawa.

Sai dai cin wannan rige-rige bai ba ka ikon sakin mazubi ba. Ƙarewar wa'adi hukuncin kanel ne, na'ura ba ta san an yi ba. Idan aka gaya wa mai buƙata cewa karatunsa ya gaza, aka saki shafukan memorin aka ba wa wani, sai na'urar ta farfaɗo bayan minti ɗaya ta zuba bayanan a inda aka ce mata tun farko, to ta lalata memorin wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ba za a ga alamar a direban faifai ba, a wani wuri can daban za a ga faɗuwa. Kamar ka gaji da jiran niƙa ka ɗauke kwanonka, wata ta ajiye nata a gurbin, mai inji ya juye mata garinka a kan gero. Saboda haka jerin shi ne: a fara leƙa zoben kammalawa, ko rahoton yana nan katsewar ce ta ɓace, idan babu, a aika umarnin sokewa a jira amsarsa, idan shi ma shiru, a sake kunna na'urar gaba ɗaya, a tabbata ta daina DMA, sannan a kammala duk buƙatun da ke hannunta da kuskure ko a sake jera su. Direban NVMe na Linux haka yake bi. Ya kuma ƙara wata kariya, inda yake cusa ƙaramar ƙidayar zamani a cikin lambar umarni, ta yadda idan tsohon rahoto ya iso bayan an ba wa sabuwar buƙata wannan lamba, za a gane ba nata ba ne a watsar.

Mataki na takwas: me "an gama" ke nufi

Mu da ke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama mun fi kowa buƙatar fahimtar wannan. Idan faifai ya ce rubutu ya kammala, sau da yawa abin da yake nufi shi ne bayanan sun isa ma'ajiyarsa ta wucin gadi, wadda ke gogewa idan wuta ta tafi. Wanda ke son tabbaci sai ya nemi a zazzage ma'ajiyar, wanda a Linux ake yi da REQ_PREFLUSH, ko ya sa wa rubutun alamar REQ_FUA don kada a ce an gama sai ya zauna a wuri mai ɗorewa. Kuma tunda na'ura ba ta bin layi, idan ana son rubutu na biyu ya biyo bayan na farko, to a jira kammalawar na farko kafin a miƙa na biyu. Zazzagewa tana tabbatar da rubutun da ya riga ya kammala ne kawai, ba wanda ke kan hanya ba.

Kuskuren rubutun da ake yi a bayan fage kuma ba shi da mai jira a lokacin da ya faru, don haka dole a adana shi har mai fayil ya kira fsync, kiran da ke neman a sauke bayanan fayil a kan faifai. Linux ya gyara yadda yake riƙe irin wannan kuskure da errseq_t a siga ta 4.13 a 2017, kuma a 2018 masu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL suka gano cewa sake kiran fsync bayan ya gaza yana iya dawo da nasara alhali bayanan ba su sauka ba, abin da ya sa suka mayar da manhajarsu tana tsayawa cak idan fsync ya gaza.

Mataki na tara: gwaji

Hanyar kammalawa ba ta nuna aibinta a rana mai kyau, sai an matsa mata da gangan. A Linux, null_blk yana ba da faifan ƙarya: da irqmode=0 yana kammalawa nan take a cikin miƙawa, wanda zai tona asirin duk mai taɓa buƙata bayan ƙararrawa, da irqmode=2 kuma yana jinkirtawa gwargwadon completion_nsec. Ana jawo jinkiri da dm-delay, kurakurai da dm-flakey ko blkdebug na QEMU, ana kuma sa kanel ya yi watsi da kammalawa ta hanyar fail_io_timeout don a ga yadda mataki na bakwai zai kaya. A kunna KASAN don kama amfani da memorin da aka saki, lockdep don kama kullen da aka riƙe ba daidai ba, da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP don kama barci a inda aka hana. Sannan a saki fio, manhajar gwajin faifai, da zurfin layi mai yawa a kan furosesoshi da dama, a bar shi ya kwana idan inbata za ta iya ɗauka.

Idan aka wayi gari kanel yana ƙorafin cewa wani zare ya maƙale fiye da sakan 120, a ɗauko blktrace a bi sawun buƙatar. Harafin Q yana nuna ta shiga layi, D an miƙa ta ga direba, C ta kammala. Buƙatar da ke da Q babu D ta maƙale ne a sama, mai yiwuwa an saki lamba ba a sake motsa layi ba. Wadda ke da D babu C tana hannun na'ura, ko rahotonta yana zaune a zobe ba a kwasa ba, sai a buga abin da ke gurbin kan zoben a kwatanta alamar zagayensa da wadda direba ke sa rai. Wadda kuma ke da C amma zaren bai farka ba, a koma mataki na shida a duba wane kulle ne mai jira ya riƙe lokacin da ya duba sharaɗinsa.